Bayan an rufe FTP, ta wace hanya za a riƙa raba manhajojin ofis?

Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin sayar da taki da magungunan gona a nan Sakkwato, muna da rassa a Illela, Tambuwal da Wurno. Shekara da shekaru, manhajarmu ta lissafin kaya da direbobin firinta suna zaune a wata tsohuwar kwamfuta a babban ofis, kowa na shiga ta FTP, wata tsohuwar hanyar musayar fayil tsakanin kwamfutoci, ya sauke abin da yake so. Kalmar sirri guda ce, kuma har yaran da suka bar aiki tuntuni suna da ita. Wata damina, ana tsakiyar rububin taki, reshen Tambuwal ya sauke manhajar lissafi ya girka, ashe an musanya fayil ɗin da mai cuta. Kwana uku ana rubuta ciniki a littafi, manoma na tsaye a rana. Har yau ban san wanda ya yi ba, domin babu abin da ke bambanta mutum da mutum a kalmar sirri guda.

Tun daga nan tambayoyina uku ne ga kowace hanya: wa zai iya ɗora fayil, wa ya sauke, kuma zan iya korar mutum ɗaya ba tare da na tayar da hankalin sauran ba?

Shi FTP ba sai an daɗe ana shari'a da shi ba. An ƙirƙiro shi a 1971, ƙa'idojin da ake bi yanzu kuma na 1985 ne, zamanin da ba a tunanin ɓarawo a kan waya. Sunan mai shiga da kalmar sirrinsa tsirara suke tafiya, duk wanda ya tsaya a tsakani zai karanta. Debian, ƙungiyar da ke yin wani tsarin kwamfuta na Linux, ta rufe sabobinta na FTP a 2017, wato kwamfutocin da ake sauke fayil daga cikinsu, Chrome da Firefox kuma suka daina buɗe shi a 2021.

Zauren WhatsApp na ma'aikata ba wurin ajiye manhaja ba ne, bayan wata biyu ba wanda ya san wanne ne sabo. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta kuma ana iya taƙaita masu shiga, amma ranar da wani ya gaji ya mayar da adireshin na kowa da kowa, an koma gidan jiya. SFTP, hanyar aika fayil a ɓoye, yana da tsaro sosai, da shi ni kaina nake ɗora fayil, sai dai koya wa mai kanti a Wurno amfani da WinSCP, manhajar da ake shiga SFTP da ita, aiki ne da ba ya ƙarewa. Nextcloud, wato irin Google Drive da kake kafawa a sabarka, yana da kyau ga masu musayar takardu kullum, amma sayen tirela ne don ɗaukar buhu biyu: ga rumbun bayanai, ga PHP, ga sabuntawa a kai a kai.

Wanda na zaɓa, kuma nake ba kowa shawara a kai, shi ne shafin saukewa mai kulle ta HTTPS, hanyar buɗe shafi a ɓoye, da Caddy, manhajar da ke tafiyar da shafin, a bayansa. Nginx da Apache ma suna yi, amma Caddy ya fi su sauƙin hali. Fayil ɗin saitinsa bai kai layi ashirin ba a wurina. Da kansa yake karɓo takardar shaidar tsaro daga Let's Encrypt, cibiyar da ke bayar da ita kyauta, da kansa yake sabunta ta kafin kwana 90 ɗinta su cika, ba sai na tuna ba. Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma ba a ajiye ta yadda za a iya karantawa. Wanda ya bar aiki, layi ɗaya nake gogewa, shi ke nan. Ta burauza ba a iya ɗora komai, saukewa kawai, wato ƙofar da aka cuce mu ta cikinta babu ita kwata-kwata. In ka kunna rajistar masu shiga, za ka ga wane suna ya sauke wane fayil da ƙarfe nawa. Abin da ya fi faranta wa mutanen Illela rai kuwa, idan sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, burauza na iya ci gaba daga inda ta tsaya, ba a ƙona data sau biyu.

Yana da nakasu, gaskiya. Wannan kulle na suna da kalmar sirri ba ya zuwa da lambar tabbatarwa ta biyu. Masu son ƙarin katanga sai su sa shafin a bayan WireGuard, manhajar da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin rassa da saba. Kada ka wahalar da kanka da taƙaita shiga ta lambar IP in rassanka da layin waya suke hawa intanet, lambar canzawa take yi. Batun wurin ajiya kuma, ka yi hayar ƙaramar saba, akwai masu karɓar naira. Kwamfutar da ke kwana a kunne a zafin Afrilu na Sakkwato, ga ƙurar hunturu, ga ɗaukewar wuta, ba ta da tsawon rai ko da sola. Sunan shafi mai ƙarewa da .com.ng ka saya wurin dillalin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da shi, kuma da sunan kamfani, ba da sunan mai gyara ba.

Nan ne nake so a buɗe kunne, domin a nan ake cutar mutane. Akwai masu zuwa ofis da jakar kwamfuta su ce za su sayar maka da takardar tsaro duk shekara a kan kuɗi masu kauri, alhali irin wadda kake buƙata kyauta ce. Wasu kuma su haɗa tasu ta bogi, burauza ta riƙa jan kunne da jan rubutu, su ce wa ma'aikata, "Ku danna ci gaba, ba komai." Wallahi akwai komai. Ranar da ka koya wa mutanenka tsallake wannan gargaɗi, ka koya musu buɗe wa ɓarawo ƙofa. Wani zai kafa maka saba ya riƙe makullin shugaba, wato kalmar sirrin da ke iko da komai, a hannunsa, ranar da kuka saɓa sai ka gane a gidan haya kake. Ka karɓi duk kalmomin sirri a gabansa, ka canza su kafin ya kai bakin titi.

Kwaɗon da ke jikin adireshi ma ba shaidar gaskiya ba ne. Abin da yake nufi kawai, hanya a rufe take tsakaninka da shafin. Ɗan damfara ma yana samunsa kyauta, ya yi rajistar suna mai kama da naka da bambancin harafi ɗaya, ya turo saƙo wai "sabuwar manhaja ta fito". Ka sa adireshin gaskiya a burauzar kowane reshe da hannunka, ka ce musu daga nan kaɗai ake saukewa.

Sai abin da kai kanka kake ɗorawa. Kulle ba ya tsarkake ƙazanta. In daga filashin kasuwa ka kwaso manhajar da aka fasa, ka ɗora a shafinka mai tsaro, cutar ka raba cikin tsari. Ko manyan ba su tsira ba: a 2011 an cusa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a fayil ɗin manhajar FTP mai suna vsftpd 2.3.4 a wurin saukewarsa na asali, a 2017 kuma CCleaner, mai share tarkacen kwamfuta, ya isa ga jama'a da cuta a cikinsa daga shafin masu shi. Don haka kowane fayil nake fitar masa da lambar SHA-256, mai harafi 64, wadda ke canzawa da zarar an taɓa fayil ɗin, in aika wa shugaban reshe ta saƙon waya, ba ta shafin ba. Shi kuma ya duba da certutil da ke cikin Windows kafin ya girka. In harafi ɗaya ya saɓa, ya goge ya kira ni.

Ranar ƙaura, kada ka kwashe tsofaffin fayilolin FTP ka zuba a sabon wuri, ka sake sauke kowanne daga masu shi. Ka ba rassa mako biyu su saba, sannan ka kashe FTP ɗin, ka toshe ƙofa ta 21, wadda FTP ke bi, a rauta. Za a kira ka a ce, "Malam, a ɗan buɗe mana na yau kawai." Ka tura wa mai kiran sunansa da kalmar sirrinsa, ka tsaya a waya har ya sauke.