Manhajar ta nuna shuɗi, ƙarfen ya tsage a kwana 19

Taurari uku na ba ta cikin biyar, shi ma sai da zuciyata ta huce. Da a makon da abin ya faru na zauna rubuta wannan, ɗaya za ta samu. Manhaja ce ta zane da lissafin juriyar ƙarfe a kwamfuta. Ba zan kama sunanta ba, masu wannan aiki sun san manhajar da nake nufi, sun san dillalin da ke sayar mana da lasisinta a nan ƙasar, sun kuma san yadda farashin ke bin dala kamar jela.

Muna ƙera injin tsince tsakuwa daga shinkafa a wani ƙaramin wurin aiki a Kano. Rariyar injin tana zaune a kan ƙafafu huɗu da aka yi wa walda, injin lantarki mai juyi 960 a minti yana girgiza ta. A awa guda ke nan ƙarfen ya lanƙwashe ya miƙe sau 57,600. Abin da ya sa na matsa wa maigida ya saya mana sashen manhajar na lissafin gajiyar ƙarfe ke nan, wato yadda yawan lanƙwashewa ke tsaga ƙarfe a hankali, don na gaji da ƙiyasi da ido.

Ranar farko kam ta burge ni. Na zana ƙafar, ta yanka ta ƙanana-ƙanana ta yi mata raga, na ɗora nauyi da girgiza, kafin na gama shan shayi sakamako ya fito. Ko'ina shuɗi, alamar babu matsala, tsawon rai juyi miliyan 1, matsin da ƙarfen ke sha kusa da waldar megafaskal (ma'aunin matsi) 35, alhali iyakar da ke cikin rumbunta ta kai 86. Na buga hoton a takarda na kai wa maigida ina taƙama. Muka ƙera, muka kai wa wani mai casar shinkafa a Kura.

Kwana 19 aka kira ni. Da na isa, injin yana wani irin kuka kamar ana kaɗa gwangwani. Baba mai walda da muka tafi tare bai ce uffan ba, ya goge gindin ƙafar da tsumma, ya shafa kananzir, ya share, ya barbaɗa garin alli. Ba a yi minti biyar ba wani siririn layi ya jiƙe a cikin allin, daidai bakin waldar, tsawonsa ya kai ɗan yatsa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Injiniya, ita kwamfutar taka ta san an yi walda a nan kuwa?" Mai shinkafa yana tsaye, buhuna sun taru, leburori sun zuba mini ido. Wallahi na so ƙasa ta tsage ni ma in shige.

Amsar tambayar Baba ita ce a'a, ba ta sani ba, kuma ba ta tambaye ni ba. A nan ne haushina yake. Wancan miliyan 1 da na ɗauka albishir ne, ashe iyakar inda jadawalin gwajin da ke cikinta ya tsaya ke nan. Duk abin da ya wuce nan sai ta shafa masa shuɗi ta yi shiru. Injinmu kuwa yana cinye juyi miliyan 1 cikin awa 17 da 'yan mintuna, ko kwana biyu na aiki bai cika ba. Ga shi jadawalin na lafiyayyen ƙarfe ne, wanda wuta ba ta taɓa ba. Manhajar da aka biya wannan uban kuɗi a kanta ta kasa fito da gargaɗi ko na layi ɗaya?

To, gaskiya ɗaya ce, ni ma da nawa laifin. Tun zamanin August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa na Jamus da ya yi ta juya sandunan ƙarfen da ke riƙe ƙafafun jirgi yana karya su a shekarun 1860, aka san cewa tazarar da ke tsakanin matsi mafi girma da mafi ƙanƙanta ita ke kashe ƙarfe. Lambar 35 da ta nuna mini rabin tazarar ce, cikakkiyarta 70. An koya mana wannan a aji, na manta. An kuma ba mu labarin dandalin haƙar mai na Alexander Kielland da ya kife a Tekun Arewa, ɓangaren Norway, a 1980, mutum 123 suka rasu, kuma asalin tsagewar daga wata 'yar walda ce da aka liƙa ƙaramar na'ura da ita a jikin ƙarfen tokare. Shi ma na manta, shuɗin allo ya ɗauke mini hankali.

Da na koma na yi aikin yadda ya kamata, sai ta nuna mini ita ba ta wasa ba ce. Na bi ƙa'idar cibiyar walda ta duniya, wato IIW, na ɗauki matsi a wuri biyu gaban waldar, ɗaya a nisan kashi 40 cikin ɗari na kaurin farantin, ɗaya a nisan cikakken kaurinsa, na miƙa layi zuwa bakinta. Na shigar da jadawalin FAT 90 da hannuna, wato tazarar megafaskal 90 a juyi miliyan 2. Sakamako ya fito juyi miliyan 4 da ɗoriya, kusan mako guda na aikin awa goma a rana. Tunda jadawalin yana barin rata don kariya, kwana 19 ya zauna daram. Jan tabon haɗari kuwa ya fito a daidai inda allin Baba ya jiƙe. Na nuna masa, ya yi dariya ya ce, "Yanzu ta yi hankali."

Muka ƙara kaurin farantin daga milimita 6 zuwa 10, muka sa tokare, Baba ya goge bakin waldar ya yi sumul. Tazarar ta sauko 35. A walda, in ka rage matsi da rabi, rai yana ninkuwa takwas, kuma ganin haka a allo kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya daga kasuwar Kofar Ruwa shi ne abin da muka biya kuɗi dominsa. A nan sai in ce taurari huɗu.

Amma da na tuna dillalin sai in fasa. Ranar da muka dawo daga Kura na aika masa hotuna da tambaya, kwana 11 shiru, sai ga amsa wai in yi rajistar horo na musamman, da kuɗinsa daban. Sannan lasisin sai ya gaisa da intanet kafin ya buɗe. Ran nan aka ɗauke wuta, na'urar intanet ta mutu, lissafin da ya yi awa uku yana tafiya ya tsaya cak, kwamfutar kuwa tana da caji. Wani abin kuma, in ka bar kusurwa mai kaifi a zane, duk ƙanƙanta ragar da ka yi sai matsin ya ƙara hawa ba iyaka, nan ma ba za ta ce maka komai ba.

Injin Kura yana wata na biyar yanzu, na je da kananzir da alli sau biyu ban ga layi ba. Takardar sabunta lasisi ta iso makon jiya, tana kan teburin maigida, ya ɗora mata kofin shayi.