Simpson ko Canning: amsa ga mai hutun mako biyu da Prado ɗaya

Malam, ka ce kana zaune a Adelaide, kana da Prado mai shan dizal, hutunka mako biyu ne a watan Yuli, kuma kana so ka shiga hamadar Ostareliya da maiɗakinka da yara biyu. Tambayarka ita ce wacce za ka ɗauka, ƙetare hamadar Simpson ko bin hanyar Canning. Simpson za ka ɗauka, ita ɗin ma ba da mota ɗaya ba. Bari in ajiye maka su kusa da juna ka ga dalili.

Nisa kaɗai ya isa ya raba gardama. Daga Mount Dare, inda za ka cika tanki na ƙarshe a yammacin Simpson, zuwa garin Birdsville a gabas, kimanin kilomita 500 ne, kuma yawancin mutane kwana uku zuwa biyar suke yi a ciki. Zuwa can daga Adelaide da dawowa ta Birdsville Track da Marree duk za su shiga cikin mako biyunka, har da rarar kwana ɗaya ko biyu saboda ruwan sama ko gyara. Canning kuwa kusan kilomita 1,850 ce daga Wiluna zuwa yankin Halls Creek a Yammacin Ostareliya, masu binta kan ware mata mako biyu zuwa uku. Wannan fa ba a saka tafiyar da za ta kai ka bakinta ba. Daga ƙofar gidanka zuwa Wiluna ya haura kilomita 2,500, dawowa daga arewa ta hanyar Tanami da Alice Springs ma kusan haka. Kafin ka ga rijiya ta goma cikin rijiyoyi masu lamba da ke jere a kan hanyar, rabin hutun ya tafi.

Amma ko da wata biyu aka ba ka, ba zan canza magana ba a tafiyarka ta farko, domin ba abu ɗaya hanyoyin nan suke nema a wurinka ba. Simpson hannun direba take gwadawa. Canning kuwa motar take ci a hankali, tare da lissafin da ka yi tun a gida.

A Simpson akwai tuddan rairayi sama da 1,100 a jere, sun miƙe kusan daga kudu zuwa arewa, kai kuma kana yanka su a gicciye. Hanyar da aka fi bi ita ce French Line, wadda wani kamfanin Faransa mai neman man fetur ya share a farkon shekarun 1960, sai ta haɗe da QAA Line bayan ka wuce Poeppel Corner, mahaɗar Queensland da Kudancin Ostareliya da Yankin Arewa. Ka shiga daga yamma ka fita ta gabas, saboda gefen yamma na tuddan ya fi kwanciya, gefen gabas ya fi tsayuwa. Aikin yini duka ɗaya ne. Tun kafin rairayi ka sace iskar tayoyi zuwa wajen 18 a ma'auni, in ya yi laushi sosai ka ƙara ragewa. Ka zo gindin tudu, ka ɗauki oba-oba a tasha ta 10 ka sanar cewa mota biyu na hawowa zuwa gabas, ka saurara, sannan ka hau da giya ɗaya ba tare da canzawa a tsakiya ba. Daf da ƙoli bonet zai rufe maka komai sai sama, a nan za ka ɗaga ƙafa daga totur, don hanyar takan karya kwana a bayan tudun ba ka gani. Doguwar tuta mai launi mai haske da doka ta wajabta, wadda kanta ya kai mita 3.5 daga ƙasa, ita mai tahowa zai fara hangowa kafin ya ga motarka. In ta ƙi hawa kada ka yi ta murza taya a wuri ɗaya kana tona wa kanka rami da na bayanka. Ka koma da baya a miƙe, ka rage iska, ka sake. Yawan ramukan da ke jijjiga mutane a kan tuddan nan aikin masu ƙyashin rage iska ne da masu jan tirela.

Canning ma tana da tuddai ɗaruruwa, amma ba su ne ke karya motoci ba. Gargada ce, musamman kusa da rijiya ta 33, wadda ke dafa shokozoba har ya zubar da mai, ta kwance noti, ta tsaga ƙarfen da aka ɗora kaya a rufin mota. Ga kuma ciyawar spinifex, mai tsini da ƙaro, da ke tsirowa a tsakiyar hanya. 'Ya'yanta sukan toshe lagireto, karanta kuma ya taru a ƙarƙashin mota jikin salansa mai zafi. Shi ya sa masu bin hanyar suke tsayawa lokaci lokaci, mutum ya kwanta a ƙasa da lanƙwasasshiyar waya yana zaƙulo busasshiyar ciyawa, abin kashe gobara na kusa da hannu. Ƙonannun motocin da ke yashe a gefen hanyar shaida ne.

Sai mai, wanda shi ne uwar matsalar. A rairayi mota takan sha fiye da yadda ka saba nesa ba kusa ba, wani lokaci kusan ninki. Kilomita 500 na Simpson, tankin Prado da 'yan jarkoki sun ɗauke shi. A Canning, daga Wiluna zuwa Kunawarritji, ƙauyen da ake sayar da mai kusa da rijiya ta 33, kusan kilomita 1,000 ne. Kamar ka tashi daga Kano zuwa Legas ba gidan mai ko ɗaya, kuma a giya ta biyu da ta uku. In ka yi lissafi da lita 20 a kowane kilomita 100, lita 200 ke nan kafin ka sa na ko-ta-kwana. Ɗora ruwa, abincin mako uku, safaya biyu, kayan gyara, tanti, da mutum huɗu. Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a jikinta, kuma Prado mai iyali za ta tsallake shi tun ba a bar kwalta ba. Motar da aka yi wa lodin wuce kima ita gargada ke fara karyawa.

Wajen ruwa abin ya juye. Doguwar hanyar ce ke da shi, gajeriyar babu. Canning asalinta burtali ne na koro shanu daga Kimberley zuwa kudu. Alfred Canning ya auna ta a 1906, aka haƙa rijiyoyin tsakanin 1908 da 1910, masu lamba 1 zuwa 51. Yawancinsu sun rufta ko sun yi gishiri, amma an gyara wasu, kuma da guga da doguwar igiya za ka ɗebi ruwa ka tafasa. A Simpson, da zarar ka bar maɓulɓular Dalhousie, inda yara za su yi wanka a ruwa mai ɗumi kamar an sirka musu, kada ka sa ran ruwan sha sai Birdsville. Ka lissafa aƙalla lita 6 ga kowane mutum a yini, ka ƙara na kwana uku a kai, ka raba shi jarkoki da yawa don in ɗaya ta fashe kada ta tafi da duka. Alwala kuwa, ga taimama nan addini ya sauƙaƙa, ƙasa mai tsarki ba ta yanke maka ba.

Duka biyun sai da izini. Simpson tana buƙatar Desert Parks Pass na Kudancin Ostareliya, kuma a rufe take daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris saboda zafi. Canning izininta daga masu ƙasar ne, wato al'ummar Martu 'yan asalin yankin da maƙwabtansu, kuma takardar na fayyace inda aka hana zuwa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cika fom kawai. Da yawan rijiyoyin a kan ruwan kakanninsu aka haƙa su, bayan an ɗaure mazajensu da sarƙa a wuya an tilasta musu nuna wurin. An kafa kwamitin bincike a 1908, ya wanke Canning.

In mota ta mutu fa? A Simpson cikin Yuli da wuya yini ya wuce ba ka ga wasu ba, kuma ana iya turo motar janwe daga Birdsville ko Mount Dare, sai dai kuɗin dubban daloli ne. A tsakiyar Canning taimako na iya ɗaukar kwanaki, wata motar ma a can ake barinta. Kusan babu sabis na waya a duka biyun. Ka yi hayar wayar tauraron ɗan Adam, ka riƙe na'urar kiran agaji da aka yi wa rajista da sunanka, ka bar wa wani a gida ranar da ya kamata ka fito da wanda zai kira in bai ji ka ba. Ko me ya faru kada kowa ya bar jikin mota ya tafi neman taimako a ƙafa. Jirgi yana ganin mota, ba ya ganin mutum.

Yuli sanyi ne a can, dare kan sauka ƙasa da sifili, don haka bargunan yara su fi kayan sawarsu yawa. Kafin ka tashi ka duba ko Eyre Creek, rafin da hanyar ke ƙetarewa kafin Birdsville, ya kawo ruwa, domin ambaliyar Queensland takan datse ƙarshen gabas makonni ko da ba a yi ɗigo a hamadar ba. Ka kuma kai motar wani rairayi kusa da gida ka koyi rage iska da tono da shebur, uwargida ma ta riƙe sitiyari, saboda ranar da ba ka da lafiya ita za ta fitar da ku. In ba ka samu mota ta biyu ba zuwa ƙarshen Mayu, ka bar ƙetarewar bana. Ku bi Oodnadatta Track zuwa Dalhousie ku kwana biyu, ko ku hau Birdsville Track ku gwada hawan Big Red, babban tudun da ke kilomita 35 yamma da garin, ku koma ku kwana a Birdsville.