Na faɗa masa duk aibin motata, shi ya ɓoye mini na tasa: a yi hattara da musayar mota

Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma abin da na gani jiya da dare ya sa dole in yi magana. Duk wanda yake shirin kai tsohuwar motarsa wajen dillali ya yi ciko a ba shi wata, don Allah ya tsaya ya karanta. Ba zan kama sunan mutumin ba tukuna, domin na riga na kai ƙara, an ce in dakata. Amma shi ya san kansa, yaransa ma sun san da wa nake.

Tanadin wata 14 na ba shi. Wata 14 ina ƙuntata wa kaina da iyalina, na haɗa da motar da na yi shekara 6 ina hawa, na miƙa masa hannu da hannu, ya ba ni motar da ta yi kwana 9 ta tsaya. Kwana 9! In na kwanta da dare lissafin da nake yi ke nan, wata 14 a gefe guda, kwana 9 a gefe guda, har barci ya gagare ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni ban ɓoye masa komai ba. Tun a gida na zauna na rubuta aibin motata a takarda. Na rubuta cewa giya tana fizga idan za ta shiga ta uku, musamman in ta yi zafi. Na rubuta cewa esi yana yoyo, in an cika gas ba ya wuce sati uku. Na rubuta cewa an taɓa bugunta ta baya, an gyara an yi fenti a ɓangaren dama. Har cin baƙin mai na rubuta, kusan lita ɗaya a kowane kilomita 1,500. Wani abokina ya ce mini, "Kai, kada ka faɗa. Sana'arsu ce, su nemo da kansu." Na ce a'a. Na ce motar nan wani ne zai saya ya ɗauki 'ya'yansa a ciki, ba zan so a yi mini abin da nake shirin yi wa wani ba.

Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya ɗago kai ya dube ni, ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Yallaɓai, irinku sun yi ƙaranci a wannan zamani. Tunda ka faɗa mini gaskiya, wallahi ba zan ba ka abin da zai dame ka ba." Haka ya faɗa, hannunsa a ƙirji. Ina jin muryar nan a kunnena har yanzu. A nan ne na saki jiki. Kuma a kan wannan takarda ya zaftare kusan kashi ɗaya cikin huɗu na darajar motata, ni kuma ban yi musu ba, don na ga haƙƙinsa ne. Zaftarewar nan ce ta sa cikon ya cinye tanadin wata 14 ɗin kaf, ban rage ko na man da zan zuba ba.

Kada wani ya ce mini ban yi bincike ba. Shekara 15 ina tuƙi. Na duba tayoyi, na durƙusa na leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo, na zaro sandar baƙin mai na gan shi garai-garai, na hau na zagaya da ita kusan minti 20, na taka birki, na kunna esi. Mita tana nuna kilomita 94,000. A fuskar mota, wato allon mita da ke gaban direba, babu wata wutar gargaɗi da ta kama. Me ya rage kuma? Makanikena ne kawai ba ya nan, ya yi tafiya, na ce a jira shi zuwa jibi. Sai ya ce, "Yallaɓai, ni ba na son in matsa maka, amma akwai wanda zai zo da kuɗi a hannu da yamma. Don ina ganin girmanka ne na riƙe ta." Na kira matata, ta ce, "Maigida, in hankalinka ya kwanta ka karɓa." Hankalina kuwa ya kwanta, saboda wancan hannun da ya dafa a ƙirji.

Rana ta tara muna kan hanya ni da ita da yara biyu, sai na ga allurar zafi ta haura ta kwanta a ja. Kafin in samu wajen tsayawa tururi ya turnuƙe bonet. Yara suna kuka, rana tana duka, ni ina tsaye bakin titi ban san abin da zan ce musu ba. A'a, bari in koma baya, don tun rana ta uku abin ya fara. Da safe in na tayar da ita sai inji ya yi ta rawa na kusan minti ɗaya, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa da wani wari mai zaƙi-zaƙi. Na kira shi, ya ce sanyin safiya ne, duk mota tana yi. Rana ta biyar na ga ruwan lagireto ya ragu, na ƙara. Rana ta bakwai na sake ƙarawa. Na kira bai ɗauka ba.

Kuma yanzu nake tuna wani abu. Ranar da na je, da sassafe ne, amma da na dafa bonet na ji shi da ɗumi. Na tambaya, ya ce yaro ne ya kai ta wanki. Ashe tayar da ita suka yi ta ɗumama kafin in iso, don kada in ga rawar injin da hayaƙin farko. Na dafa da hannuna na ji ɗumin, na tambaya, aka ba ni amsa na karɓa. Wannan ɗumin yana cikin abubuwan da suke hana ni barci.

Da makanikena ya dawo aka jawo ta gareji. Bai yi minti biyar ba ya kira ni, "Oga, zo ka gani." Ya buɗe murfin baƙin mai, ƙarƙashinsa wani abu ne mai kauri kamar madara ta haɗu da laka. Ya ce ruwa ne yake shiga mai. Ya cire murfin lagireto bayan ta huce, ya tayar da inji, sai ga kumfa tana tasowa ba ƙaƙƙautawa. Gaskit ɗin kan inji, wanda ke hana ruwa da mai haɗuwa, ya ƙone, kuma ya ce ba yau ya ƙone ba, domin cikin lagireto cike yake da ragowar maganin toshe yoyo da ake zubawa ya riƙe na ɗan lokaci. Baƙin man da na gani garai-garai, sabon canji ne aka yi don ranar ciniki. Tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ma babu, an cire shi gaba ɗaya don allura ta daɗe ba ta hau ba.

Sai ya ce in murza makulli ba tare da na tayar ba. Ya ce, "Ina wutar inji?" Ashe duk motar zamani in ka murza makulli wutocin gargaɗi suna kamawa tare na 'yan daƙiƙu, har da mai hoton inji, don a san suna aiki. Tawa ba ta kama ba. Da ya kwance fuskar sai ga baƙin tef an liƙe a bayan wutar. Tef, jama'a! Mutum ya zauna ya yanka tef ya liƙa da hannunsa. Ya kawo na'urarsa ya jona a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, irin wanda aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, sai ga lamba P0302, wato silinda ta biyu tana fashin wuta. Nan ruwan yake tsiyaya cikin dare, shi ya sa take rawa da safe. Rashin binciken da bai kai minti biyar ba, shi ne ya raba ni da tanadin wata 14.

Mitar ma ƙarya ce. A jikin ƙofar direba, can ƙasa inda ido ba ya zuwa, akwai 'yar takardar canjin mai da suka manta ba su ɓare ba. An rubuta kilomita 187,400, kuma kwanan watan da ke jiki ya haura shekara. Ni an sayar mini a 94,000. Robar da ake takawa ta birki ta cinye har ƙarfe ya fito, alamar motar ta sha tafiya, na gani ranar ciniki, ban kawo komai a raina ba.

Na je wajensa da hotuna. Mutumin da ya dafa ƙirji bai ko tashi daga kujera ba. Ya ce, "Yallaɓai, mota ta hannu ce, ba a ba da garanti. Kai ka gwada ka ce ta yi maka." Na ce, "Alhaji, tef ɗin fa?" Ya ce shi ma haka ya saye ta. Na ce ina takardar da na ba ka ta aibin motata, ni na ɓoye maka wani abu? Ya ce ai wannan kai ka ga dama. Kai ka ga dama! Na fito jikina yana rawa. Allah ya isa tsakanina da shi.

To, jiya da dare ina duba waya sai ga motata a talla. Tawa, wadda na ba shi. Na gane ta da tsagewar fitilar baya da kuma zanen da ɗana ya yi da ƙusa a ƙofa. An rubuta ba ta da matsalar komai, giya lafiya lau, ba a taɓa bugunta ba. Na ba shi ita tana kan kilomita 241,000, a tallan an sa 128,000. Wato gaskiyar da na faɗa ta yi masa amfani wajen karya mini farashi, daga nan ya ninke ta ya sa a aljihu. Wanda na yi domin shi, mai sayen da zai ɗauki 'ya'yansa, ba zai taɓa ganin takardar nan ba. Na ɗauki hoton tallan kafin su goge. Ina da hoton takardar da na rubuta, da na tef ɗin, da na takardar canjin mai, da saƙonninmu duka. Zan ɗora su da zarar an ba ni dama.

Abokin nan nawa ya ce, "Ka ga abin da na faɗa maka." Ban yarda ba. Ko gobe zan sayar da mota sai na faɗi aibinta, ɓoyewa ha'inci ne ko wa aka yi wa. Da na ɓoye, da yau ba ni da bakin magana. Kuskurena shi ne na ɗauka wanda ya yaba gaskiyata zai rama mini da irinta, ban sa shi ya rubuta nasa ya sa hannu ba.

Ku dai kada ku karɓi mota sai makanikenku ya jona na'ura. Ku je inji yana sanyi. Ku murza makulli ku ga wutar inji ta kama. A rubuta aibin motocin biyu da kilomitarsu, kowa ya sa hannu. In an ce wani yana zuwa da kuɗi da yamma, ku bar masa.

Tawa sabuwar tana gareji an kwance kan injin, makanike ya ce zafi ya lanƙwasa shi, sai an kai an goge in zai gogu. Yara da ƙafa suke tafiya makaranta. Wanda kuma ya ga farar mota mai tsagaggen fitilar baya ta hagu ana cewa 128,000 ce, don Allah ya tuƙa ta har ta yi zafi kafin ya biya. Giyarta tana fizga a ta uku. Shekara 6 na hau ta, na sani.