NetBeans da gwajin ajin abstrak: yana sauƙaƙa rubutu, amma a yi hattara da koren

Abin da ya sa nake ci gaba da amfani da Apache NetBeans, manhajar rubuta shirye-shiryen kwamfuta, wajen aikin Java, duk da cewa abokan aikina sun koma wasu manhajoji, shi ne yadda yake samar da fayil ɗin gwaji. Ka buɗe aji (class, wato samfurin da ake ƙirƙirar abubuwa daga gare shi), ka danna Ctrl+Shift+U, ka zaɓi JUnit ko TestNG (kayan aikin rubuta gwaji a Java), sai ya rubuta maka gwaji ga kowace metod, wato kowane aikin da ajin ke yi. Kuma kyauta ne.

Ajin abstrak ba a iya ƙirƙirar abu daga gare shi kai tsaye, sai wani aji ya gaje shi. A nan NetBeans ya burge ni. A ƙarshen fayil ɗin gwajin yana ƙera ɗan ƙaramin aji mai gado da kansa, ya liƙa wa sunan Impl, ya cike metod ɗin da aka bari babu jiki. Na gwada shi a kan ajin biyan kuɗi mai metod biyu: jimla, wadda ke da lissafinta, da haraji, wadda kowane magaji ke rubuta tasa. Fayil ɗin ya haɗu ba tare da na taɓa komai ba.

Sai dai cikon da yake yi sifili ne, ko null (wato babu komai), ko rubutu fanko. Amsar da gwajin ke jira ita ma sifili ce. Layi ɗaya ne kawai ke kayar da gwajin, wato fail da ke ƙasa, kuma bayanin da ke samansa yana gayyatarka ka goge shi bayan ka duba. Da zarar ka goge, gwajin haraji ya zama kore, wato alamar ya yi nasara, alhali sifili ne ya gamu da sifili, lissafinka ko kusa ba a taɓa shi ba. Wannan yana damuna ƙwarai, musamman ga ɗalibai, don su ne suka fi yarda da koren.

Abin da nake yi yanzu: ina share gwajin metod marar jiki gaba ɗaya, in sa harajin Impl ya dawo da kashi 7.5 cikin ɗari, sannan in tabbatar jimlar naira 1,000 ta ba da 1,075. Idan ajin yana da metod da yawa, Mockito (kayan aikin ƙera abubuwan kwaikwayo don gwaji) da zaɓinsa na CALLS_REAL_METHODS, mai kiran ainihin metod ɗin ajin, ya fi sauƙin kulawa, domin Impl na karyewa duk lokacin da aka ƙara sabuwar metod marar jiki a ajin uwa.