Raƙumi a Filin Sukuwa: Wace Babbar Jif Ce Za Ta Iya Zama Motar Tsere?

A shekarar 2000 injiniyoyin BMW suka ɗauki jif ƙirar X5, suka cusa mata inji mai silinda 12 irin na motar da ta ciyo musu gasar tseren awa 24 ta Le Mans a Faransa a 1999, mai ƙarfin doki wajen 700. Da shekara ta zagayo, direba Hans-Joachim Stuck ya kewaye filin Nürburgring na Jamus da ita, mai tsawon sama da kilomita 20, cikin minti 7 da daƙiƙa 49. Tun daga nan masu son gudu suka ƙyalla ido: ashe raƙumi ma yana sukuwa. Yau a Amurka, Jamus, Ingila da Dubai za ka ga mutum ya sayi tsohuwar jif ta alfarma wadda darajarta ta faɗi warwas, ya ce zai riƙa kai ta filin tsere a ranakun da ake buɗe wa 'yan sha'awa. Idan kana cikin masu wannan buri, zaɓen motar shi ne rabin aikin, kuma a nan aka fi yin asara.

Kafin ka taya kowace mota, kira masu shirya ranar tseren da kake son zuwa ka tambaye su ko suna karɓar jif. Da yawa ba sa karɓa. Ƙungiyar masu tseren mota ta Amurka, SCCA, tana hana motocin da tsayinsu ya rinjayi faɗin tsakanin tayoyinsu shiga wasu wasanninta, saboda tsoron kifewa. Gasar 24 Hours of Lemons, wadda ta yi suna da ƙa'idar kada kuɗin mota ya wuce dala 500 ban da kayan kariya, ta ƙayyade nauyin mota a kan fam 4,200, wato kimanin kilo 1,900, sai dai in an yi maka afuwa ta musamman. Duk jif-jif ɗin da zan ambata sun haura haka. Wasu masu shiryawa kan karɓi Porsche Cayenne ko BMW X5 M su ƙi Land Cruiser. Ka samu amsar a rubuce.

Abu biyu ne ke yaƙar ka: nauyi da tsayi. Jif mai kilo 2,300 da ke gudun kilomita 200 a awa, zafin da birkinta zai haɗiye kafin ta tsaya ya ninka na ƙaramar Mazda MX-5 mai kilo 1,100 a gudu iri ɗaya. A titi sau ɗaya kake taka irin wannan birki a shekara, in ma ka taka. A filin tsere kuwa duk bayan daƙiƙa ashirin ko talatin za ka sake taka shi, har tsawon minti ashirin. Tsayi kuma ya fi nauyi haɗari. Hukumar kiyaye haɗura ta Amurka, NHTSA, tana da ma'auni mai sauƙi: a raba faɗin tsakanin tayoyi da ninkin tsayin cibiyar nauyin motar daga ƙasa. Ƙananan motoci kan fito tsakanin 1.3 da 1.5, jif-jif kuwa tsakanin 1.0 da 1.3. Ma'anarsa, idan ka sa wa doguwar jif taya mai manne wa kwalta sosai, maimakon ta zame a kwana ta gargaɗe ka, sai ta ɗaga ƙafa biyu. In kuma ta zame ta gefe taya ta caki ƙasa mai laushi ko bakin kwalta, shi ke nan.

Wannan lissafi shi ya kori rukuni guda tun kafin a fara: motocin da aka ɗora bodinsu a kan shasi mai kama da tsani. Lexus LX 570, Land Cruiser, da Mercedes G-Wagon, waɗanda muka saba gani a ayarin manya, duk a nan suke. LX 570 tana da inji mai lita 5.7 da ƙarfin doki 383, inji ne da ba ya gajiya, amma nauyinta ya kai tan 2.7, tsayinta wajen mita 1.9, kuma an gina ƙafafunta ne don su lanƙwashe a kan duwatsu. G-Wagon samfurin G63 ta kafin 2018 ta fi ta ƙarfi nesa, sai dai gaba da baya gatari ne sandararre, sitiyarinta na tsohon yayi, ga ta tsaye kamar akwati. Za ta ba ka mamaki a miƙaƙƙen layi, a kwanar farko ta ba ka tsoro. Range Rover Sport ta farko, ta 2005 zuwa 2013, ita ma a kan ginin Discovery 3 take, tana haura tan 2.5. Duk kuɗin da za ka zuba musu, asalin ginin ba zai canja ba. Ka bar su su ja tirelar da za ta ɗauko motar tseren, aikin da suka fi kowa iyawa.

Saura masu bodi da shasi haɗe. A cikinsu wadda na fi ba wa ƙarfi ita ce Porsche Cayenne ta zubin farko, 2002 zuwa 2010, musamman GTS da ta fito bayan kwaskwarimar 2007. Injinta V8 ne, wato mai silinda takwas, mai lita 4.8, ƙarfin doki 405, ba tobo. An saukar da ita ƙasa da milimita 24 idan aka gwada da Cayenne S, ta zo da tayoyi masu faɗi 295 a kan wili mai inci 21, a kasuwar Turai akwai masu sifirin na ƙarfe maimakon balan-balan ɗin iska, kuma akwai masu giyar hannu guda shida. Mai giyar hannun ta yi tsada yanzu don masu tara motoci sun gano ta, amma idan ka same ta ka rabu da babbar matsalar giyabos mai sarrafa kansa, wato zafin mai. Birkin Cayenne na gaba, na Brembo mai fistin shida, ya yi suna har masu Audi da Volkswagen suna sayen na hannu su dasa a motocinsu. Ka ga ke nan ba daga sifiri za ka fara ba.

Me zai hana Cayenne Turbo, mai doki 450, ko Turbo S ta 2006 mai 521? Zafi. Tobo biyu a cikin cunkoson ɗakin inji suna dafa duk abin da ke kusa da su, ga ƙarin nauyi sama da kilo ɗari. Ƙarfin da ya kai ka ƙarshen layi da ƙarin kilomita 15 a awa, birki ne zai biya kuɗinsa. Mai koyo bai buƙatar wannan.

Amma Cayenne tana da cututtukanta, kuma a san su kafin a biya. Masu V8 na shekarun farko sun zo da bututun ruwa na roba a tsakiyar injin, ƙarƙashin mashigar iska. Suna tsagewa, ruwan ya zubo kan sitata. Ana maye su da na alminiyam, don haka tambayi mai sayarwa ko an yi, ya nuna rasit. Robar da ke riƙe tsakiyar furofela tana yagewa, za ka ji bugu a ƙarƙashin kujera idan ka taka totur. Wadda ta fi duka muni ita ce karcewar bangon silinda, da aka fi gani a masu V8 marasa tobo. Alamarta ƙwanƙwasa idan injin yana sanyi, shan baƙin mai, da baƙin hayaƙi a bakin salansa ɗaya. Kada ka yarda da kunne kawai, sa makanike ya cire fulogogi ya zura ƙaramar kyamara ya duba kowace silinda. Idan an ga karce, juya ka tafi, gyaran ya fi kuɗin motar. Zubi na biyu, daga 2010, ya zubar da ƙaramar giyar hawan dutse ya rage nauyi har kimanin kilo 180, don haka idan aljihu ya kai, ya fi dacewa da kwalta, sai dai akwatin raba ƙarfi tsakanin gaba da baya yana da tarihin lalacewa.

BMW X5 M ta 2009 zuwa 2013 ita ce ta biyu a wurina, kuma a gudu tsantsa ta fi GTS nesa ba kusa ba. Doki 555, faifan birkin gaba milimita 395, ga wata dabara a gatarin baya da ke tura ƙarfi ga tayar waje a kwana, har ka manta tan 2.4 kake tuƙawa. Abin da ya sa ban sa ta gaba ba shi ne injin. An dasa tobo biyun ne a cikin kwarin da ke tsakanin layukan silinda, wurin da zafi ke taruwa, sai robobi, bututai da wayoyi su bushe su farfashe. Allurorin fetur da zoben da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf su ma abin sa ido ne. Wanda ke da makanike masanin BMW da asusun ko-ta-kwana zai ji daɗinta. Wanda ya tattara duk abin da ya mallaka ya saye ta, zagaye kaɗan zai yi.

Ga wanda ke Amurka, akwai Jeep Grand Cherokee SRT8 ta 2006 zuwa 2010. Ba ta kai sauran alfarma ba, cikinta roba ce zalla, amma wa ya damu da fata da katako a motar da za a kwashe wa kujeru? Injinta Hemi V8 ne mai lita 6.1, doki 420, babu ƙaramar giyar daji, babu balan-balan, birkin Brembo, kuma ta fi Cayenne Turbo sauƙin nauyi. Kayan gyaranta ko'ina akwai a can, da araha. Rauninta giyabos mai giya biyar da ke buƙatar ƙarin lagireton mai, da sitiyarin da ba ya gaya maka abin da tayoyi ke ciki kamar na Porsche. Ƙanwarta Trackhawk ta 2018 mai doki 707 sunanta kawai ya isa talla, sai dai tana cin taya da fetur kamar gobarar daji.

Range Rover Sport SVR, da aka gina da alminiyam, ta kewaye Nürburgring cikin minti 8 da daƙiƙa 14 a 2014, abin a yaba. Amma tana da tsayi, a kan iska take tafiya, kuma injin lita 5.0 yana da tarihin sarƙar taimin da bututun ruwa na roba. Mercedes ML63 mai lita 6.2 tana da muryar da babu kamarta, sai dai injinan farko suna da matsalar kusoshin kan inji. Duka biyun na ɗauke su motocin zuwa sau ɗaya a sha daɗi, ba na ginawa ba.

In ka zaɓa, kasa kuɗinka haka: abin da ka biya na mota, ka tanadi kwatankwacinsa don shekarar farko. Fara da man birki. Na DOT 4 gama-gari ƙa'idarsa ya jure digiri 230 yana sabo, kuma yana shan danshi ya ragu. Motul RBF 600 ko Castrol SRF suna haura 300. Ranar da mai ya tafasa, ƙafarka za ta nutse har ƙasa motar ba ta rage gudu ba. Sai takalman birki na tsere, da bututun da zai kai iska kan faifan gaba. Takalmi ɗaya na iya ƙarewa a kwana biyu na fili, saboda haka duba farashinsa tun kafin ka sayi motar, ba bayan ba.

Taya ita ce inda masu jif ke shan wahalar da masu ƙananan motoci ba su sani ba. Yawancin tayoyin tsere ba a yi su don ɗaukar irin wannan kaya ba. Duba lambar ɗaukar nauyi a gefen tayar: 100 na nufin kilo 800, 106 kilo 950, 110 kilo 1,060. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa, domin a kwana tayar gaba ta waje ce ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Irin su Michelin Pilot Sport 4 SUV sun isa mai koyo. Tayar tsere mara zane kuwa ka ƙaurace mata, saboda batun kifewar nan, kuma saboda a doguwar kwana baƙin mai kan taru gefe guda famfo ya zuƙi iska.

Sai saukar da motar. Balan-balan ɗin iska tsofaffi suna yoyo, kuma idan ka cire su sai an lallashi kwamfutar motar ta daina kuka. Shi ya sa mai sifirin na ƙarfe tun asali ta fi sauƙin sa wa shakazoba irin na KW ko Bilstein. Wajen rage nauyi, fara daga sama: nemi wadda ba ta da rufin gilashi, cire ƙarafan ɗaukar kaya na kan rufi, sannan kujerun baya da safaya. Wasu kan kwashe kayan ƙasa su bar na sama, motar ta yi sauƙi a sikeli amma ta ƙara son kifewa. Kada ka ɗaure kanka da bel ɗin tsere mai igiya biyar ko shida sai da kejin ƙarfe a ciki, domin in rufi ya lotsa, bel ɗin zai riƙe ka tsaye kyam a ƙarƙashinsa. Ka sa hular kwano mai shaidar Snell, cibiyar da ke gwada ingancin huluna, kuma na'urar hana zamewa a bar ta a kunne har sai mai koyarwa ya ce a kashe.

Inshorar titi galibi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere, akwai ta rana ɗaya da ake saya daban. A Nürburgring ma, in ka bugi shingen ƙarfe kai za ka biya gyaransa, har da kuɗin janwe. Tankin Cayenne ta farko lita 100 ne na fetur mai daraja, kuma ba abin mamaki ba ne ka cika shi sau biyu kafin la'asar. Wanda ke Dubai ko Abu Dhabi, ya ƙara lagireton baƙin mai da na giya tun kafin zuwan farko, ya kuma nemi zaman dare ko na lokacin sanyi.

Da kuɗina ne, GTS ta 2008 ko 2009 zan nema, mai sifirin na ƙarfe, ba rufin gilashi, wadda kyamara ta wanke silindarta takwas, in bar injin yadda Porsche ta ƙera shi. Idan ba a samu ba kuma ina Amurka, SRT8.