Flightradar24: abin da manhajar ke yi wa mai tashi daga Zariya

Filin jirgin Zariya na kwalejin horar da matuƙa ne, jiragen fasinja ba sa jigila a can. Sai dai mutum ya nufi Kaduna ko Kano, kuma hanyar Kano kaɗai kan ci awa biyu ko fiye. Wanda zai yi irin wannan tafiya yana buƙatar sanin inda jirginsa yake kafin ya bar gida, kuma a nan ne Flightradar24, manhajar da ke nuna inda jiragen sama suke a kan taswira, ta yi rawar gani.

Rubuta lambar tafiyar da ke kan tikitinka. Za ta nuna maka nisa da matsakaicin lokacin da jirgin ke yi a sama. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 835 ne, daga Kaduna kuwa kusan 635. Na Kano kan yi wajen awa ɗaya da kwata a sama, amma a tikiti za ka ga ya fi haka, domin kamfani yana lissafi ne tun daga janye jirgi daga mazauninsa har ya tsaya a ɗaya filin, har da gangarawa da jiran izinin tashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambar rajista, wato lambar shi jirgin kansa, kamar lambar mota. Ta jiragen Najeriya da 5N take farawa. Idan ta bayyana, danna ta ka ga inda jirgin yake yanzu. In har yana Legas bai motsa ba, lissafa lokacin da zai ɗauka ya iso, ka ƙara aƙalla rabin awa na sauke fasinja da shan mai, sai ka kintaci lokacin tashinku. Amma kada wannan ya sa ka miƙe ƙafa a Samaru, don kamfani na iya sauya jirgi, kuma da lokacin tikiti ake rufe tantance fasinjoji. Manhajar kyauta tana ba da tarihin kwana 7, ya isa ka gane ko wannan tafiya ta saba makara.

Tana da rauni. Da saƙon da jirgi ke watsawa take aiki, na'urorin da masu sa-kai suka kafa a ƙasa su kama, kuma ba su da yawa a yankinmu. Wani lokaci jirgi kan ɓace daga taswira ko a nuna wurinsa bisa kintace, iyali su shiga fargaba a banza. Ba ta kuma faɗin dalilin jinkiri, ko hazon hunturu ne ko wani abu.

Masu zuwa Umara su lura: Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe, amma rufe sararin samaniyar Sudan a 2023 ya sa jirage zagaye, tafiyar ta ƙaru. Agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa 2, sai ka cire su daga lokacin saukar da ke kan tikiti kafin ka lissafa tsawon tafiyar.