.profile ko environment.d, ina za a sa PATH?

Yaran da ke koyon Linux a shagona nan Gusau sun dame ni da tambaya ɗaya, wai sun sa PATH (jerin foldodin da Linux ke neman komand a ciki) a .bashrc (fayil ɗin da tamina ke karantawa in an buɗe ta), a tamina, wato tagar rubuta komand, komai lafiya lau, amma in suka buɗe manhaja daga menu sai ta ce ba ta ga komand ɗin ba. Toh ai menu babu ruwanshi da .bashrc. Zaɓi biyu ne, ~/.profile ko fayil cikin ~/.config/environment.d.

.profile ya fi sauƙi, layi ɗaya ne, export PATH="$HOME/bin:$PATH", kuma kana iya sa if ka duba ko foldar na nan. Amma akwai haɗari wallahi, ƙanena ya mance :$PATH a ƙarshe, yana sa faswod allon shiga na maido shi baya, sai da muka danna Ctrl+Alt+F3 muka shiga allon rubutu zalla, muka kira /usr/bin/nano, manhajar gyara fayil, da cikakken sunanshi don ko komand ɗin ls ba ya amsawa.

Shi kuwa environment.d systemd, mai tada ayyukan Linux, ya kawo shi a 2017, sunan fayil ya ƙare da .conf, ba export ba if, PATH=$HOME/bin:$PATH kawai. GNOME, wani nau'in destof na Linux, na ɗaukarshi, amma in ka shigo ta SSH, wato daga wata kwamfuta, ba za ka ganshi ba. Duka biyun sai an fita an sake shiga kafin su yi aiki.

Mai destof ɗin XFCE a tsohuwar laftof, ko mai yawan SSH, ya riƙe .profile. Mai GNOME kan Wayland (tsarin nuna tagogi a allo) da menu ne damuwarshi, environment.d zai fi mishi daidai.